Jan Ɗigon da Na Sa wa Babanki

Sebring, Florida
17 ga Maris

Zuwa ga 'yata Darla,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri a gare ki, ke da maigidanki Curtis da yara. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali kamar yadda ta bar mu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya Wade da Tess, ya yi musu albarka a karatunsu, ya kuma fito da ku daga sanyin Fairbanks da yatsunku cikakku. Duk lokacin da mai faɗin yanayi ya nuna taswira a talabijin, sai matata, Inna Verna, ta kai yatsa can ƙuryar sama ta ce ga inda 'yar mutane take daskarewa, mu muna nan muna kunna fanka. Mun ga hoton da kika aiko na Wade tsaye a gefen dusar ƙanƙarar da ta fi shi tsawo, yana nan manne a jikin firij.

Mu nan sai godiya. An cire wa Verna yanar ido ta dama cikin watan jiya, aiki ya yi kyau, har ya so ya yi yawa, don yanzu ba ƙurar da ke ɓuya mata a gidan nan, kuma ta gano cewa rigar da nake zuwa coci da ita shekara uku ba baƙa ba ce, shuɗiya ce. Ɗan'uwanki Glenn ya kira daga Toledo, matarsa ta sauka lafiya, an sami mace, sun sa mata Wilma don tunawa da mahaifiyarki. Da na gaya wa babanki, sai ya tashi ya shiga ɗaki ya daɗe. Bishiyar lemun da ke bayan gidansa ta yi 'ya'ya bana har reshe ɗaya ya karye, maƙwabta sun gaji da karɓa.

Darla, kin san ni ba gwanin waya ba ne. Kafin in haɗa kalma biyu kin yi ashirin, halin mahaifiyarki kika ɗauko, Allah ya ji ƙanta, shi ya sa na ɗauki biro. Tun cikin Disamba da babanki ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa, aka sa masa batirin zuciyar nan a ƙirji, kika kira ni kina kuka kika ce in cire shi daga ƙungiyarmu ta ƙwallon sofbol ta tsofaffi tunda ni ne manaja. Na ce miki zan san abin yi. Sau uku kin sake kira kina tambaya, sau uku ina kawo miki zancen ruwan sama da idon Verna. To yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Ban cire shi ba, Talatar da ta wuce ma ya buga. Kafin ki ajiye takardar nan ki ɗauki waya ki wanke ni tas, ki yi wa Allah ki karanta har ƙarshe, sannan ki yanke mini duk hukuncin da kika ga dama.

Ke a ganinki manaja wani mai iko ne, wanda in ya ce fita sai a fita. Da haka ne da na huta. Mutum goma sha huɗu gare ni, ƙaraminsu Duane, shekararsa saba'in cif, shi muke kira jariri. Aikina yana farawa ne da ƙarfe bakwai na safiyar Talata da Alhamis, in bi su a waya ɗaya bayan ɗaya: wa ya tashi da ciwon baya, wa zai kai matarsa asibiti, wa ya manta yau Talata ce. A jakata akwai katin kowane mutum, da magungunan da yake sha da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. A nan na sami lambarki ranar nan, don ta kaina ta gudu. Ni ke ɗauko na'urar farfaɗo da zuciya in ajiye a rumfa, ni ke raba gardama in Chet ya ce an zalunce shi, kuma kullum an zalunce shi. Ni ne mai zuwa dubiya, in kuma ta Allah ta kasance, ni ke ɗora hular mutum a kan benci a wasan da ya biyo baya. Huluna huɗu na ɗora cikin shekara shida. Amma duk wannan da sauƙi a kan takardar jerin sunaye, wadda nake rubutawa in maƙala a shingen waya da ɗan icen shanyar Verna. Tsoho zai yafe maka in ka manta sunan matarsa, amma mayar da shi na goma sha ɗaya a bugu, wannan sai ka ji shi a bakin fasto.

Wasanmu kuma ba daidai yake da wanda kika buga a makaranta ba. Bugun dai ɗaya ne, a jefo maka ƙwallo a hankali, ka maka mata sanda, ka ruga tasha ta farko kafin su tsinto ta su jefa can ta riga ka. Sai dai mu muna da abin da muke kira aron ƙafa. Wanda ba ya iya gudu shi zai buga, wani kuma ya tsaya a bayansa da hannu a jikin shinge, da ya ji ƙarar sanda sai ya ruga a madadinsa. Dokar gasa ta ce a sa jan ɗigo a gefen sunan mai aron, a rubuta sunan mai gudun a gabansa. Ɗigo in ya hau ba ya sauka sai kakar wasa ta ƙare, kuma mai ɗigo ba ya yi wa wani gudu. Wannan a rubuce yake. Wanda ba a rubuta ba amma kowa ya sani, shi ne manaja ba ya sa ɗigon da hannunsa. Jan mutum gefe ake yi, can bayan motoci inda ba mai ji, a yi ta kewaye-kewaye har shi da bakinsa ya ce miƙo biron. Wani sai an yi wata guda ana lallashi. Ni kaina na yi wannan zaman da mutum biyar, har ana yabona a gasar wai na iya.

Ni kam ɗigona ya girmi gasar. Kin san shan inna ta taɓa mini ƙafar hagu ina ɗan shekara huɗu, can gonarmu ta Ohio. Abin da wataƙila ba ki sani ba, don babanki ba mai ba da labarin kansa ba ne, shi ne yadda aka yi na shiga wasa. Ranar da yaran unguwa suka ce ba sa bugawa da gurgu, sai da babanki, Yaya Harlan, ya haɗa wa ɗan maƙwabcinmu jini da majina, sannan ya kafa doka cewa ni, Auta, zan buga, shi zai yi gudun. A haka muka tashi a filin bayan ɗakin shanu. Ya je ya yi shekara talatin da biyar yana hawa falwaya, ni ina zaune a tebur a masana'antar gilashi ina tura takardu, da muka yi ritaya muka gangaro nan, sai muka ɗora daga inda muka tsaya. Shekara tara a gasar nan, duk takardar da aka maƙala a shinge, gefen sunana jan ɗigo ne, gabansa kuma Harlan. Shekararsa saba'in da tara, amma har ranar da ya faɗi yana tsere wa 'yan saba'in da biyu.

Ƙarshen Janairu likita ya sallame shi. Ya ce ya buga in yana so, ya yi tafiya iya son ransa, amma gudu ya ƙare. Ni na kai shi, a gabana aka faɗa, amma muna fitowa ya ce likitan yaro ne, bai san jikin mutanen da ba. Nan na san zaman bayan motoci ya kama ni. Kwana huɗu ina shirya maganar a kaina. Sau biyu na je har ƙofar gidansa, muka yi hirar kadan da ke kwanciya a tafkin bayan fili, na juyo ban faɗa ba. Darla, na iya lallashin kowa, amma mutumin da ya goya ni yana tsallaka rafi da ni zuwa makaranta, bakina ya ƙi buɗewa in ce masa ƙafarka ta ƙare. Sai na yi abin da na saba yi duk rayuwata in magana ta fi ƙarfina, na bar wa takarda ta faɗa. Safiyar Alhamis a teburin kicin na sa masa ɗigo da hannuna, na rubuta Duane a gaban sunansa, na gangara na rubuta Duane a gaban nawa, tunda mai ɗigo ba ya gudu. Na je na maƙala a shinge, na koma gefe ina ta faman gyara jakar da ba abin da ya same ta.

Ya shigo da fara'arsa, jama'a suna ta yi masa barka da arziki, Chet yana tsokanarsa wai tunda yanzu ya zama mai batir, a riƙa kashe shi in ba a amfani da shi kada ya ƙare. Ya rama, aka yi dariya. Sannan ya sa tabarau ya tsaya gaban takardar. Ya daɗe a tsaye. Kowa a rumfa ya gane ba hannunsa ne ya sa ɗigon ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ninke tabarau ya mayar aljihu, ya ɗauki sandarsa, ya ce wa mutane su yi haƙuri ya tuna ya bar tukunya a kan wuta. Mutumin da tun rasuwar mahaifiyarki bai kunna murhu ba.

Mako uku bai taka filin ba. Da farko na ce a raina, to ai ga abin da Darla ta roƙa ya samu, sai in kira ta in ce an gama. Amma ina ganin abin da ke faruwa. Verna takan kai masa miyar wake da burodin masara, ta tarar da kwanon jiya ba a taɓa ba. Gemun da bai taɓa bari ya kwana biyu ba ya tsiro fari fat. Labule a sauke har tsakar rana, talabijin a kunne ba mai kallo, coci ma ya daina zuwa wai kujerun suna sa masa ciwon baya. Ashe Talata da Alhamis ɗin nan su ne suke riƙe masa da mako, da aka zare su sai sauran kwanakin suka zube a kansa. Na tsorata, ba zan ɓoye miki ba, tsoron da ya fi na ranar da ya faɗi, don ranar akwai na'ura a hannuna kuma na san abin da zan danna. Garin neman gira na kusa rasa ido. Verna ce ta gaji da ganina ina zagaye gida, ta miƙo mini makullin mota ta ce in je in ba yayana haƙuri, in ba haka ba in nemi inda zan ci abincin rana.

Na same shi da hantsi a baranda. Na zauna na fara karanto abin da na haddace, zuciya, likita, Darla, doka. Ya bar ni har na kai aya, sannan ya ce in daina yi masa wa'azi, kunnensa ɗaya ne ya mutu ba biyu ba, ya ji likita sarai. Ya ce ya san ɗigo yana tafe, har jan biro ya saya ya ajiye a mota yana jiran in ja shi gefe kamar yadda na ja sauran. Kwana huɗu yana jira, sau biyu na zo ƙofarsa ina yi masa tatsuniyar kada. Kunya ta rufe ni. Na ce ya yafe mini, na tozarta shi a gaban mutane. Sai ya girgiza kai ya ce har yanzu ban gane ba, shi ya sa Mama take cewa kaina na karatu ne kawai. Ya ce ba ɗigon ne ya kore shi ba. Da ya gangaro da ido ya ga sunana, ya ga inda aka saba rubuta Harlan an rubuta Duane, nan ne jikinsa ya mutu. Ya ce, Auta, shekara kusan saba'in ina yi maka gudu, aiki ɗaya ke nan da ban yi ritaya daga gare shi ba, ka sallame ni a jikin shinge ko sannu da aiki babu. Darla, da shekaruna saba'in da huɗu na zauna a barandar babanki na yi kuka da hawaye. Shi kuwa ya kawar da kai yana kallon bishiyar lemu har na gama, sannan ya ce in na gama jiƙa masa kujera in tashi in ɗumama miyar Verna, yunwa yake ji.

Muna ci na roƙe shi ya dawo, ya zaɓi duk wanda yake so ya yi masa gudu. Ya ce shi bai taɓa aron ƙafar bare ba kuma ba zai fara da tsufa ba, ya tsaya ƙiƙam yana kallon Duane yana yawo da bugunsa, a kai kasuwa. Ban san lokacin da bakina ya ce to ni fa ba. Ya yi dariya har ya ƙware, dariyarsa ta farko cikin mako uku, ya ce ni da ko kunkuru sai ya tsaya ya jira ni. Na ce ai sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ya kalle ni ya ga ba wasa nake yi ba, sai ya ajiye cokali.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Kafin in yi masa gudu sai an sauke nawa ɗigon, kuma ba a sauke ɗigo a tsakiyar kaka sai duk manajojin gasar sun yarda. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda na fi shakka shi ne Otis, manajan ƙungiyar da gidan jana'izar garin nan ke ɗinka wa riguna, waɗanda in sun ci mu suke ce mana sai kun zo. Mutum ne mai yawo da littafin doka a aljihun baya. Ya saurare ni tsaf, ya ce shekararsa goma sha biyu a gasa bai taɓa ganin wanda ya zo neman izinin karya ƙungiyarsa da hannunsa ba. Ya sa hannu, ya ƙara da cewa kada in sa ran mutanensa za su tausaya mini, in ƙwallo ta riga ni na fita. Na ce haka nake so. A cikin ƙungiyarmu kuma Chet ya tayar da jijiyar wuya, wai muna na biyu a gasa, zan ɗauki mai bugun da ya fi kowa in haɗa shi da ƙafar da ta fi kowace mutuwa, ga shi ni ma yanzu zan riƙa gudun kaina, asara biyu ke nan. Gaskiyarsa ce, kuma na faɗa masa haka. Na tara su a rumfa na ce ga abin da na ɓata, ga yadda nake so in gyara, in ba su yarda ba ga jaka ga icen shanya, su naɗa wani. Duane ne ya fara ɗaga hannu, ya ce shi da ma gwiwarsa ba ta yi alkawarin aikin mutum uku ba. Chet ya ɗaga a ƙarshe yana gunaguni wai kofin ma na roba ne. Likitana ya duba ni ya ce zuciyata garau take, ƙafar kuwa ba abin da zan yi mata da ya wuce wanda aka riga aka yi. Kwana goma Verna tana kai ni filin ajiye motoci na coci da safe, ta auna ƙafa sittin da biyar, nisan tasha ta farko, ta ja layi da alli, ta tsaya da agogon kicin a hannu tana cewa tsofaffi biyu an rasa mai hankali ɗaya.

Talatar da ta wuce da 'yan gidan jana'iza muka haɗu. Babanki ya zo da aski fes. Kafin in maƙala takarda ya ce in biyo shi bayan motoci. Ya buɗe motarsa ya ɗauko jan biron nan, ya ɗora takardar a kan bonet, ya sa ɗigon da hannunsa, ya rubuta sunana, Lyle, a gabansa da manyan baƙaƙe, ya miƙo mini ya ce haka ake yi, manajan banza. Bugunsa na farko ya tafi kai tsaye hannun mai tsaron tasha ta biyu, kafin in yi taku biyar an fitar da ni, Otis yana ɗaga murya wai a ajiye mini kujera a tsakiyar hanya in riƙa hutawa. Na biyu ma haka. Nawa bugun kuwa kada ma ki tambaya. A zagayen ƙarshe suna gabanmu da ci biyu, mutum biyu sun fita, saura ɗaya wasa ya tashi, sai layi ya zo kan babanki. Na tsaya a bayansa da hannu a shinge. Ya bar ƙwallo ta farko ta wuce, ya bar ta biyu, ya juyo ya ce in ɗaure takalmina da kyau.

Ta ukun kuwa, ƙarar da na ji ban ji irinta ba tun muna Ohio. Ta bi ta kan mutum biyu ta faɗi can, ta yi ta gangarawa har gindin shingen tafki. Na saki shinge na tafi, ƙarfen da ke ɗaure a gurguwar ƙafata yana ƙara, ina jefa jikina gaba kamar mai tura mota. Sai na ji muryarsa a bayana ta danne ta kowa, yana cewa gudu, Auta, gudu! Darla, an ce mini bi a hankali, an ce mini zauna ka huta, an ce mini bari a ɗauko maka. Tun ina ɗan shekara huɗu ba wanda ya taɓa ce mini yi gudu sai ranar. Na taka tashar, ƙwallo ta iso a bayana, alƙalin wasa ya buɗe hannuwa ya ce na tsira. Bugun da zai kai Duane tasha ta uku, ni ta farko ya kai ni da ƙyar. Na waiga na ga babanki tsaye inda na bar shi, bai ɗaga ƙafa ko ɗaya ba, sanda a kafaɗa, hula a hannu yana kaɗawa. Chet ya biyo baya ya ɗaga ta sama aka cafke, muka sha kashi da ci biyu, kuma sai da ya tabbatar kowa ya ji cewa rana ce ta shiga masa ido. A gidan abinci bayan wasa na ce wa babanki bugun nan ya yi kyau. Bai ko ɗago daga farantinsa ba, ya ce dole ya kai ta nesa tunda ya san ƙafar da ya ara. Ranar Alhamis ruwan sama ya hana wasa, ƙafata ta gode wa Allah.

To ga roƙona, 'yata. Tsoronki gaskiya ne, ni ma ina da irinsa, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba, rai na Allah ne. Abin da ke hannuna shi ne wannan: muddin ni ne manaja ba zai yi taku ɗaya na gudu ba, in rana ta yi zafi a inuwa zai zauna sai bugunsa ya zo, na'urar tana gefen bencinsa, katinsa shi ne na sama a jakata. Amma kada ki sa ni in raba shi da filin nan. Na gwada na mako uku ba da niyya ba, kuma na ga abin da ya rage a barandar. In kin kira shi ranar Lahadi kada ki fara da zancen magani. Tambaye shi bugun Talata, ki kuma ware rabin sa'a, don ƙwallon ƙara nisa take yi duk lokacin da ya ba da labarin, jiya a ƙofar coci har ta faɗa tafki kada ya haɗiye. Wasan ƙarshe ranar goma ga Afrilu ne. In hutun yara ya ba da dama ku zo, ɗakin baƙi a gyare yake, zumunta a ƙafa take. In bayan kin gani da idonki har yanzu kina kan bakanki, sai mu zauna mu uku a yi maganar baki da baki, ni dai na tuba da aika takarda inda ya kamata in je da kaina.

Ki gaishe mini da Curtis da kyau, ki ce ina yi masa sannu da haƙa dusar ƙanƙara. Ki gaishe da mahaifiyarsa Loretta, Allah ya ba ta sauƙin ƙugun nan. Ki shafa mini kan Wade da Tess, ki ce wa Tess safar hannunki ta cafke ƙwallo ta makaranta tana nan a kabad ɗin kakanta tana jiran ta. Inna Verna tana gaishe ku, ta ce in gaya miki ita ba ruwanta, agogo kawai ta riƙe. Glenn da iyalinsa suna gaisuwa. Na sa miki takardar ranar Talata a cikin ambulan ɗin nan, babanki bai san na ɗauke ta ba. Ki duba layi na huɗu, za ki gane hannunsa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne baffanki mai ƙaunarki,
Lyle, mai yi wa babanki gudu